Fargabar da ta ƙi tafiya: me zan iya yi wa kaina?

Tambaya: Ni matar aure ce, shekarata 34, 'ya'yana uku, ina koyarwa a firamare. Kusan shekara biyu ke nan gabana yana faɗuwa ba gaira ba dalili. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana yawan bin hanyar Kano zuwa Abuja. In ya fita sai in kira shi sau goma, in bai ɗauka ba jikina ya ɗauki rawa. Yaro ya yi tari sai in ga kamar rasa shi zan yi. Barci ya ƙaurace min. An auna jinina da zuciyata an ce lafiya ƙalau, na sha maganin olsa har na gaji, an yi min ruƙiyya. Akwai abin da zan yi wa kaina ba tare da shan ƙwaya ba?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu, Allah ya yaye miki. E, akwai, kuma a wannan larura aikin da mutum yake yi da kansa a gida shi ne ginshiƙin maganin, ko da kuwa yana ganin likita. Na daɗe ina zama da masu irin wannan ciwo a asibiti, kuma da wuya mako ya fita ban ji labari irin naki ba: faɗuwar gaba, nauyin ƙirji, kwalaben maganin olsa, da takardar gwaji mai cewa babu komai.

Ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, mata sun fi yawa a cikinsu, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Bayaninki ya fi kama da nau'in da likitoci ke kira fargaba ta gama-gari, wadda ba ta zama a kan abu ɗaya: yau maigida, gobe yaro, jibi kuɗin makaranta. Ma'auninta shi ne mutum ya yi aƙalla wata 6 yawancin ranakunsa cikin zullumin da ya kasa tsayarwa, tare da alamomi kamar kasa natsuwa, saurin gajiya, saurin fushi, ɗaurewar wuya da kafaɗa, tarwatsewar hankali da lalacewar barci. Tabbatar da hakan aikin wanda ya zauna da ke ne ido da ido. Kafin nan ki koma ki tambaya ko a gwajin da aka yi miki an duba tayirod, ƙullutun nan na gaban wuya wanda in ya kumbura yake zama maƙoƙo. In yana aiki fiye da kima yakan kawo bugun zuciya, rawar hannu, zufa da rama, kuma sau da yawa sai an neme shi musamman ake auna shi. A duba ƙarancin jini da sukari. In kina shaƙar maganin asma irin salbutamol, shi ma yana sa zuciya gudu.

Abin da ke faruwa a jikinki kuwa, Allah ya sa wa kowa mai gadi a can cikin ƙwaƙwalwa, wani ɗan sashe da ake kira amigdala. Da ya hango haɗari sai ya sa a saki sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara gudu don jini ya isa ƙafa da hannu, numfashi ya yi sama-sama, ciki ya dakatar da narka abinci, tsoka ta ɗaure. Wani masani a jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya bayyana wannan tun 1915, cewa jiki ne ke shirin faɗa ko gudu. Ranar da kika yi kiciɓis da maciji a tsakar gida, wannan shirin ne zai cece ki. Sai dai mai gadin ba ya bambance macijin gaske da wanda zuciya ta saƙa, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka zafin cikin da kike ji na gaske ne, ba ƙirƙira kike yi ba. Ciki ne da ake katse masa aiki sau ashirin a yini.

Ga abin da nake so ki fi riƙewa a duk amsar nan. Abin da ya haifi fargaba daban, abin da ke ciyar da ita daban. Mafarinta yana iya zama gado, ko rashi, ko haihuwa mai wuya, ko wani tashin hankali da kika gani. Wannan ya riga ya wuce. Abin da ya raya ta har shekara biyu kuwa yana hannunki yau, kuma shi ne abubuwan da kike yi don ki samu sauƙi.

Mu ɗauki daren da maigida yake hanya. An yi isha'i, yara sun kwanta, kina zaune a bakin gado, waya a hannu. Zuciya ta ce, in fa an tare su? Gaba ya faɗi. Kika kira, ya ɗauka, ya ce yanzu suka bar Kaduna. Kika yi ajiyar zuciya, jiki ya saki. Bayan minti ashirin ta sake cewa, to gaban Kadunan fa? Kika sake kira. Wannan karon ba ta shiga ba, don babu sabis a wajen, sai rawar jikin ta ninka ta farko. A daren nan ƙwaƙwalwarki ta koyi abu biyu: tsoro ba ya sauka sai an kira, kuma ke ba ki iya jure minti ashirin cikin rashin sani. Gobe za ta nemi kiran tun kafin minti goma. Susar ƙazwa ke nan, daɗi a lokacin, ƙarin ƙuraje daga baya. Haka taɓa goshin yaro sau biyar cikin dare, haka maimaita gwajin da aka riga aka yi, haka yawan tambayar ƙawa ko tana ganin ba komai, haka shiga intanet neman fassarar kowane ciwon kai, haka ƙin zuwa biki ko kasuwa don kada abin ya taso a cikin mutane. Kowanne yana ba ki hutun minti kaɗan, ya ƙara wa ciwon kwana.

Ba ina cewa hanyar babu haɗari ba ne. Kowa ya san abin da aka sha gani tsakanin Kaduna da Abuja, kuma duk wanda ya ce miki tsoronki shirme ne bai yi miki adalci ba. Amma kira na goma bai ƙara wa maigida tsaro ko na taku ɗaya ba. Abin da ke ƙara masa tsaro ana yin sa ne kafin ya fita: ya yi sammako, ya bar tafiyar dare, ya hau mota a tasha, ku yi addu'a.

Don haka ki same shi ranar da hankali yake kwance, ki ce masa taimakonsa kike nema a kan magani. Ku yi alƙawari: shi zai kira in ya isa Kaduna, ya sake kira in ya sauka, ke kuma ba za ki kira a tsakani ba. In saukowa daga goma zuwa biyu ya yi miki tsauri, ki fara da biyar a makon farko, uku a na biyu. Duk sanda hannu ya kai kan waya, ki dubi agogo ki ce sai bayan minti 15. Ki ba tsoron maki daga 0 zuwa 10 ki rubuta, ki tashi ki ci gaba da abin da ke gabanki, wanke-wanke ne ko duba littattafan ɗalibai. In lokacin ya cika ki sake ba shi maki. Ba zan ɓoye miki ba, kwanakin farko zai hau, har ki ji kamar kin yi sakaci da mijinki. Amma jiki ba ya iya riƙe adirenalin a sama har abada, yakan sauko da kansa. Ranar da kika ga 8 ta koma 5 ba tare da kin kira kowa ba, ranar ƙwaƙwalwa ta ɗauki sabon karatu, kuma karatu ne da ba a ɗaukarsa daga bakin wani, sai mutum ya zauna cikin abin ya ga saukarsa da kansa. Haka za ki bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ki fara da mai sauƙi. Ki kuma roƙi maigida da ƙawayenki, in kika yi tambaya sau ɗaya suka amsa, kada su sake amsa ta biyu, su dai tuna miki alƙawarin cikin lalama. Wannan dabara daga tsarin gyaran tunani da ɗabi'a take, wanda ake taƙaitawa da CBT, wanda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya aza harsashinsa a Amurka a shekarun 1960, kuma shi ne tsarin da bincike ya fi mara wa baya a ciwon fargaba.

Sai maganar saƙe-saƙen kansa. Na san an sha ce miki ki cire abin a ranki. Da ana iyawa da kin yi tuni. A 1987 wani masani, Daniel Wegner, ya umarci mutane su yi minti biyar ba tare da sun tuna farin beyar, wata babbar dabbar ƙasashen ƙanƙara, ba. Suka kasa, kuma da aka sake su sai tunanin ya fi dawo musu da yawa. Tunanin da aka kora da ƙarfi da ƙarfi yake komowa. Abin da ya fi shi ne a yanka masa lokaci, dabarar da Thomas Borkovec da abokan aikinsa suka fitar a 1983. Ki ware minti 20 kullum, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, misali bayan la'asar a kan tabarma, ba a kan gado ba kuma ba dab da barci ba. Ki sayi ƙaramin littafin rubutu. Duk sanda zullumi ya taso da rana, ki rubuta shi a layi ɗaya, ki ce masa sai la'asar, ki koma kan aikinki. Zai dawo, ki sake ce masa sai la'asar.

Wata baiwar Allah da na taɓa dubawa, tela ce, ta kawo min nata littafin bayan mako uku. Ta ja layi biyu da biro ta raba shafi gida uku: abin da take tsoro, makinsa, da abin da ya faru a ƙarshe. A layin farko ta rubuta cewa zazzaɓin autanta sanƙarau ne, maki 9, a gefe kuma da jan biro, maleriya ce, ya warke ranar Alhamis. Na biyu, mai ɗinkin biki za ta ci mutuncinta a gaban mutane, maki 7, a gefe, ta karɓa har ta kawo wani. Na uku, kuɗin haya ba zai cika ba, maki 8, a gefe, bai cika ba, ta roƙi mako biyu an ba ta. Wannan na ukun ne muka fi daɗewa a kansa, domin abin da take tsoro ya faru, kuma ta iya da shi. Fargaba ƙarya biyu take yi wa mutum: ta kambama masa haɗarin, ta kuma raina masa ƙarfinsa. Littafin yana kama ta a duka biyun. A wani bincike da aka buga a 2020 daga jami'ar jihar Pennsylvania, mutum 29 masu wannan ciwo sun rubuta abubuwan da ke damunsu na kwana 10, aka bi sawu har kwana 30, sai aka ga kashi 91 cikin 100 ba su faru ba. Mutanen ba su da yawa, don haka kada ki dogara da lambarsu, ki fitar da taki daga littafinki, ita ce zuciyarki za ta fi yarda da ita.

In la'asar ta yi kin buɗe littafin, kowane layi ki yi masa tambaya ɗaya: akwai abin da zan iya yi a kansa yau ko gobe? In akwai, ki rubuta matakin farko da ranarsa. Tarin yaro ya kai kwana uku da zazzaɓi, gobe da safe asibiti. Kuɗin makaranta, ranar Litinin ki je ki nemi a raba miki biya. In babu, irin in fa na mutu na bar yara, wannan ba matsala ce da tunani ke warwarewa ba, ko shekara kika yi kina juya ta. A nan nake tuna wa masu zuwa wurina hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta kuma ya dogara. Mai fargaba ba ya kasa ɗaurewa. Yakan ɗaure, sannan ya kwana yana fita duba igiyar. Aikinki shi ne ki koyi komawa ɗaki bayan ɗauri ɗaya.

Jiki ma yana da nasa horon. Mai fargaba yakan yi numfashi da saman ƙirji da sauri bai sani ba, wannan yana rage iskar kabon da ke cikin jini, shi ke kawo jiri da jin kamar kiyashi na bin yatsu da leɓe. Ki zauna, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki. Ki shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu, cikin ne zai taso ba ƙirji ba, ki fitar ta baki a hankali kina ƙirga shida kamar mai hura koko mai zafi. Zai ba ki numfashi kusan 6 a minti. Minti biyar bayan asuba, minti biyar bayan isha'i, kuma ki riƙa yi a lokacin da kike lafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Da dare ki ƙara da dabarar sakin tsoka ta likita Edmund Jacobson, wadda ta samo asali tun shekarun 1920: ki dunƙule hannu da ƙarfi daƙiƙa 5, ki saki daƙiƙa 15 kina lura da bambancin, ki bi kafaɗa, fuska, ciki, har ƙafa. Amma kada ki mayar da numfashin wata sabuwar wayar da ake rugawa gare ta don a kashe tsoro nan take. Amfaninsa ya taimake ki zama cikin minti 15 ɗin nan ne.

Ki duba abin da kike sha. Goro, shayi, kofi da lemon ƙara kuzari duk suna da kafeyin, sinadarin da ke wartsakar da jiki ya hana barci, kuma jiki yana ɗaukar kusan awa 5 kafin ya rage rabinsa, wato rabin shayin ƙarfe huɗu yana jikinki ƙarfe tara na dare. Ki rage a hankali don yankewa lokaci ɗaya yana kawo ciwon kai, kuma daga azahar ki bar shi. Ki motsa jiki har numfashi ya ɗan ɗaga, minti 150 a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara: tafiya da sauri zuwa makaranta, daka, tsallen igiya a tsakar gida. Ki riƙa tashi lokaci ɗaya kullum ko da daren bai yi daɗi ba. Hotunan hari da gawarwaki da ake turowa a WhatsApp ki daina buɗe su, ki ware lokaci ɗaya da rana ki ji labarai a rediyo ya ishe ki.

Addu'a kuwa ki riƙe ta. A Sahihul Bukhari akwai addu'ar da Annabi yake yawan yi yana neman tsari daga hammu da hazan, malamai suka ce hammu shi ne zullumin abin da ke gaba, hazan baƙin cikin abin da ya wuce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa jin zullumi bai fitar da kowa daga sahun masu imani ba. Azkar ɗin safe da yamma, in an yi su a natse, suna kwantar da zuciya. Abin da nake jan kunne a kai biyu ne. Kada ki riƙa maimaita addu'a sau talatin don kina ganin in kin tsaya wani abu zai sami maigida, wannan duba igiya ne ya sake kama. Na biyu, ki nisanci duk mai maganin da zai ce miki wance ce ta yi miki sammu. Na ga matan da suka je da tsoro ɗaya suka dawo da uku, ga gaba da dangin miji a kai, kuma abin yana ci min rai.

Ki ba aikin nan lokaci. A Ingila, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta sa taimakon kai da kai a matsayin matakin da ake bi kafin ƙwaya, kuma ta ce a bi shi a tsare na aƙalla mako 6. Za a yi makon da za ki ga kamar kin koma baya, musamman in yaro ya kwanta ko al'ada ta kusa. Wannan ba rushewa ba ce, ki ci gaba daga inda kike. Don ki auna kanki, akwai ma'aunin GAD-7 da aka fitar a 2006, tambaya bakwai ne, maki daga 0 zuwa 21: daga 5 mai sauƙi, daga 10 matsakaici, daga 15 mai tsanani. Ma'aikacin lafiya zai iya cike shi tare da ke, ki riƙa maimaitawa duk mako biyu.

In bayan mako 6 zuwa 8 makin bai sauka ƙasa da 10 ba, ko tun farko ya kai 15, ko kin fara kasa shiga aji, to lokacin ganin ƙwararre ya yi. In kuwa kin fara jin gara mutuwa, ko tunanin cutar da kanki, ko kin daina cin abinci, ko komai ya fita daga ranki, ko ciwon ƙirji ya zo da suma, kada ki jira ko kwana ɗaya, ki gaya wa wani na kusa ku tafi asibiti.

Tsoron ƙwayar da kike yi yana da tushe, amma ba duka suke ɗaya ba. Wadda za ki guda ita ce diazepam, da ake kira Valium ko D5, da wasu ke karɓa a kemis don barci. Tana kwantar da hankali cikin minti kaɗan, amma in ta wuce mako 2 zuwa 4 jiki yana sabawa da ita, barinta kuma ya zama wani ciwon. Haka tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta haramta a 2018. Magungunan da likita ke rubutawa don fargaba mai daɗewa, irin su sertraline, ba sa bugarwa. Sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga amfaninsu, makon farko suna iya ɗan ƙara rashin natsuwa, kuma ba a yanke su lokaci ɗaya sai da jagorar likita. In kina da ciki ko kina shayarwa ki faɗa tun farko.

A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. A Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, a Sakkwato na Kware, akwai kuma na Maiduguri. Tun Janairun 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tanadi kare mutunci da sirrin mara lafiya. In za ki je, ki tafi da takardun gwajinki da littafin nan naki, ki kuma nemi a haɗa ki da masanin halayyar ɗan Adam da ya iya CBT, ko da likita ya rubuta miki magani. Allah ya ba ki lafiya, ya dawo da maigida gida lafiya a kowace tafiya.